Iyo, Keke da Gudu: Kafin Ka Shiga Gasa, Je Ka Ga Wurin

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya yi ƙasa)

  

Yau zancenmu a kan gasar tirayatilon ne, wadda ta haɗa wasanni uku a jere ba hutu a tsakani. Mutum zai faɗa ruwa ya yi iyo, ya fito a jiƙe ya hau keke, ya sauka daga keken ya zura da gudu har layin ƙarshe. Agogo kuwa ba ya tsayawa tun daga busa usur. Ko lokacin da ka ɓata wajen ɗaura takalmi, a kanka ake lissafa shi.

An fara gasar a irin tsarin da muka sani yau a birnin San Diego na Amurka a 1974, ta kuma shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni na Ostireliya a shekarar 2000. Tana da zango-zango. A Olamfik ana iyon kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai doguwar nan ta Ironman mai iyon kilomita 3.8, keke kilomita 180, da gudun kilomita 42.2. Tamu ta yau ita ce ta gajeren zango: iyon mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Ita ce kulob-kulob da ƙungiyoyin wasanni suka fi shiryawa a garuruwa, da ita kuma sabon shiga yake farawa. Ƙwararru suna gama ta cikin ƙasa da awa ɗaya. Sabon shiga yakan kai awa ɗaya da rabi, wani ma har biyu.

To, yawancin masu shiri sukan haddace waɗannan lambobi uku, su duƙufa atisaye, su ɗauka sun gama. Amma mita 750 a wurin iyo na siminti, mai ruwa garau da bango a kowane gefe, daban yake da mita 750 a tafki mai laka wanda ba ka ganin ko tafin hannunka. Kilomita 5 da sanyin asuba daban yake da kilomita 5 da hantsi a watan Afrilu. Saboda haka abin da nake so ku riƙe daga shirin yau shi ne: horar da jiki rabin aiki ne, ɗaya rabin kuwa sanin wurin da za a yi gasar. Ruwan, da hanyar, da ranar.

Ko manyan ƙasashe ba su tsira daga wannan ba. A Olamfik ta Paris a 2024, Faransa ta kashe kusan Yuro biliyan 1.4 wajen tsaftace kogin Seine don a yi iyo a cikinsa. Sai aka yi ruwan sama, ƙazanta ta gangara kogi, gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta sun yi yawa, dole aka ɗage gasar maza daga 30 ga Yuli zuwa washegari. A Tokiyo kuma, lokacin gasar gwaji a watan Agusta na 2019, zafi ya sa aka rage gudun mata daga kilomita 10 zuwa 5. Da aka zo ainihin Olamfik a 2021, tun ƙarfe shida da rabi na safe aka tsara farawa don a kauce wa rana. Idan masu likitoci da na'urori sun saurara wa ruwa da rana, ai mu ma sai mu saurara.

Bari mu fara da jikin, a taƙaice.

Kafin komai, a ga likita. Musamman wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, ko wanda a danginsa aka taɓa samun mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya. A kuma san rukunin jini game da sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya wasa, amma idan aka haɗa masa tsananin zafi da ƙishirwa da gudun wuce kima lokaci guda, haɗarinsa ya fi na sauran. Gara ya sani tun da wuri, ya riƙa hawa a hankali.

Wanda ya riga ya iya iyo kuma yana ɗan motsa jiki, mako 8 zuwa 12 sun ishe shi. Kowane wasa sau biyu a mako, kwana ɗaya kuma a bar wa jiki ya huta. Mita 750 shi ne tsawon wurin iyo mai mita 25 sau 30. Kilomita 5 kuwa zagayen filin wasa mai mita 400 ne sau 12 da rabi. Kada a ce sai an cika su a makon farko. A fara da abin da jiki ya iya, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Daga mako na huɗu, sau ɗaya a mako, a haɗa keke da gudu: kana sauka daga keke ka zura da gudu ko na minti 10 ne. Dalili kuwa, ƙafar da ta daɗe tana juya feda takan yi nauyi ta riƙa rawa idan ta taka ƙasa. Wanda ya saba da wannan a atisaye ba zai firgita ba ran gasa.

Wanda kuwa bai iya iyo ba, ya koya tukuna a hannun wanda ya iya, a ruwan da ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Gasar bana ba tasa ba ce, Allah ya kai mu ta baɗi.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan shirin gasar iyo da keke da gudu ta gajeren zango. Yanzu kuma mu gangara bakin ruwa, domin a nan ne haɗari ya fi yawa.

Wani bincike da aka yi a Amurka a kan gasannin da aka gudanar daga 1985 zuwa 2016 ya tattara mutum 135 da suka rasu ko zuciyarsu ta tsaya a wurin gasa. Mutum 90 daga cikinsu a ruwa abin ya same su. Iyo shi ne mafi gajarta a cikin ukun, amma shi ya ɗauki kashi biyu bisa uku. A kan keke ko a gudu, in ka gaji sai ka tsaya a gefen hanya. A tsakiyar tafki ba gefen hanya.

Tambaya ta farko da za ka yi wa masu shirya gasa ita ce: wane ruwa ne? Idan wurin iyo ne na otal ko na filin wasa wanda ake zuba wa maganin kulorin, da sauƙi. Idan kuwa dam ne, ko tafki, ko kogi, to akwai magana.

Maganar farko tsargiya, wato ciwon fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan daɗi, ta fito ta yi yawo a ruwa, ta huda fatar mutum ta shige. Ba sai ka sha ruwan ba, shiga kawai ta isa. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, kuma madatsun ruwa da hanyoyin ban-ruwa na arewa wurarenta ne, haka ma bakin kogin Kwara a Nijar. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali tana ciki. Ruwan teku ba ta zama a cikinsa, haka ruwan da aka sa wa kulorin yadda ya kamata. Don haka yawancin atisayenka ka yi shi a wurin iyo mai magani. In kuma dole ta sa ka shiga dam ko tafki, bayan wasu makonni ka je asibiti ka faɗa musu ka shiga irin wannan ruwa, a yi maka gwaji. Akwai maganinta, sunansa praziquantel, ma'aikatan lafiya sun san shi. Kada ka jira sai ka ga jini a fitsari.

Magana ta biyu ƙazanta, wato abin da ya sami Paris. Da damina, ruwan sama yana kwaso abin da ke magudanai da juji da gonaki ya zuba a tafki. Bayan an sheƙa ruwa, a bar kwana biyu zuwa uku kafin a shiga. Ruwan da ya yi kore shar, ko yake wari, ko matattun kifaye ke yawo a kansa, a ƙyale shi. Mai rauni a jiki wanda bai warke ba, shi ma ya haƙura. Kuma hakkinka ne ka tambayi masu gasa: kun gwada ruwan nan? Yaushe?

Magana ta uku, abin da ke cikin ruwan da ƙarƙashinsa. A nan kada ka raina mutanen wurin. Masunta da masu kwalekwale da Sarkin Ruwa sun san inda zurfi yake farawa, inda ruwa ke juyawa, inda aka kafa koma da taru, inda kututture yake a nutse, da inda kada ko dorina ke fitowa. Iyo a ruwan Allah ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa kallon wasannin kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya ga gwanayen iyo da nutso a kogin Matan Fada. Abin da ya sa suke yin abin da suke yi shi ne sun san ruwansu tun suna yara. Kai da ka zo baƙo, je ka gaishe su cikin ladabi ka yi tambaya. In dam ne, ka ji ko akwai lokacin da ake sakin ruwa.

Idan ruwan ya tabbata lafiya, ka samu ka shiga shi ko sau biyu kafin gasa, tare da abokai da mai kwalekwale a kusa. Kada ka taɓa shiga kai kaɗai, komai gwanintarka. Ga abin da za ka koya a can. A wurin iyo na siminti akwai layi a ƙasa da ke nuna maka hanya. A tafki babu, kuma kusan kowa hannunsa ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, sai ka riƙa karkata ba ka sani ba, mita 750 ta koma 900. Maganin wannan shi ne bayan kowane bugun hannu 6 zuwa 10 ka ɗaga ido kaɗan ka duba gaba. Alamomin da ake sawa a kan ruwa sukan ɓace maka a cikin turmutsutsun kawuna, don haka tun daga tudu ka zaɓi wani dogon abu da ke bayan alamar, kamar bishiya, hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, ka riƙa nufarsa. Ka lura kuma da inda rana ke fitowa. Yawanci da sassafe ake farawa, in hanyar iyon ta fuskanci gabas hasken zai kashe maka ido, sai ka nemi tabaran iyo mai duhu. In kogi ne mai gudu, ka nufi sama da alamar kaɗan, ruwan da kansa zai sauko da kai.

Da hunturu kuma ruwan safe yana da sanyin da ke ɗauke numfashi. Kada ka yi tsalle ka faɗa kai tsaye. Shiga a hankali, ka wanke fuska da wuya, ka yi ɗan iyo na minti biyar kafin a busa usur.

Lokacin farawa shi ne mafi rikici. Mutane da yawa suna faɗawa lokaci guda, wannan ya shure ka, wancan ya hau bayanka. Sabon shiga ya tsaya a baya ko a gefe, in an busa ya ƙirga goma a ransa, sannan ya shiga. Daƙiƙa goma ba za ta rage ka da komai ba. In kuma tsoro ya kama ka a tsakiya, ƙirji ya cushe, to ka juya rigingine ka kwanta a kan ruwa, ka ja numfashi, ka ɗaga hannu ɗaya sama. Masu ceto sun san wannan alama. A dokar yawancin gasanni an yarda ka riƙe kwalekwalensu ka huta, muddin bai ja ka gaba ba, in ka dawo hayyacinka ka ci gaba. In ka ji ba za ka iya ba, ka ce a fitar da kai, ba abin kunya ba ne. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Aka ji tsawa ko aka ga walƙiya, kowa ya fito daga ruwa nan take, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Ga kuma wata shawara ga masu shirya gasa a garuruwanmu. Inda ba a samu ruwa mai aminci ba, ba dole sai an yi iyo ba. Akwai tsarin da ake gudun kilomita 5, keke kilomita 20, a rufe da gudun kilomita 2.5. Hukumar wasan ta duniya ta amince da shi, kuma shi ake komawa a manyan gasanni idan ruwa ya ɓaci.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

To jama'a, mun fito daga ruwa, sai keke. Kusan rabin lokacin gasar a kan sirdi ake cinye shi, saboda haka a nan ne sanin hanya ya fi biya.

Ba sai kana da keken tsere mai tsada ba. Gasar gari yawanci tana karɓar duk keken da birkinsa biyu ke aiki. Abin da ake buƙata shi ne ya zama lafiyayye kuma daidai tsawonka. Ka daidaita sirdi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwarka za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Mako biyu kafin gasa ka kai shi wurin mai gyara ya duba birki, sarƙa, giya da tayoyi, don in an canza wani abu ka samu lokacin gwada shi.

Sannan ka nemi taswirar hanyar ka bi ta da kekenka, in da hali a irin lokacin da za a yi gasar. Kana tafiya kana lura. Ina ramuka suke? Ina tudun rage gudu? Wace kwana ce yashi ya taru a cikinta? Yashi a kwana shi ne ya fi kayar da masu keke, kuma dabarar ita ce ka rage gudu tun kafin ka shiga kwanar, kada ka damƙe birki kana tsakiyarta. Ina kwalta ta ƙare burji ya fara? Ina hawa yake, don ka sassauta giya tun kafin ka iso shi? Ta ina iska ke kaɗawa? Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa. In hanyar ta je-ka-dawo ce, wataƙila a tafiya iskar tana tura ka ta baya, ka ji kamar ƙarfinka ne, ka zage, sai a dawowa ta tare ka a gaba ba sauran ƙarfi. Wanda ya san haka zai yi tanadi.

Ka tambaya kuma: za a rufe hanyar ko da motoci za a yi? Ko an ce an rufe, kada ka saki jiki. Ɗan acaɓa zai iya ɓullowa daga lungu, a-daidaita-sahu ya tsaya ɗaukar fasinja, akuya ta tsallaka, yara su shigo kallo. Idonka a gaba koyaushe. Gefen hanyoyinmu kuma ba ya rabo da ƙaya da ƙusa da fasassun kwalabe, kuma a cikin gasa ba wanda zai kai ka wurin mai faci. Ka ɗauki tubu na ko-ta-kwana da ƙaramin famfo, ka kuma koyi canza shi da hannunka a gida har ka saba.

Dokoki biyu na keke da ke jawo wa sabbin shiga hukunci. Ta farko hular kwano: sai ka sa ta ka ɗaure igiyarta kafin ka ɗauki keke, kuma ba ka kwance ta sai ka mayar da shi mazauninsa. Ta biyu, a yawancin gasannin da ba na ƙwararru ba an hana ka liƙe a bayan wani yana tare maka iska. Sai ka bar tazarar da dokar gasar ta ƙayyade, in za ka wuce shi kuma ka wuce ba tare da ɓata lokaci ba.

Tsakanin wasa da wasa akwai filin sauyi, inda ake jera kekuna da kaya. Ka je da wuri ka gane layinka, ka taka da ƙafa daga bakin ruwa zuwa wurin kekenka don ka san hanyar, ka duba ko akwai tsakuwa ko ƙaya tunda ba takalmi za ka bi ta. Ba a hawa keke a cikin filin, turawa ake yi har wani layi da aka shata. Kayanka ka jera su a kan tawul yadda za ka ɗauke su bi da bi: hula, tabarau, takalmi, lamba. 'Yan'uwa mata da ke son suturar iyo mai rufe jiki, ku yi magana da masu gasa tun lokacin rajista, ku kuma gwada suturar a ruwa da kan keke. A guji mai faɗi da za ta sha ruwa ta yi nauyi ko ta shiga sarƙa.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Saura gudu, kuma maganar gudu a ƙasarmu maganar rana ce. Lokacin da za ka sauka daga keke hantsi ya riga ya ɗaga, jikinka ya yi awa guda yana aiki. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Yamai zafi yana haura digiri 40. Jos da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 tana da sauƙi, amma wanda ya saba atisaye a sanyin Jos ya sauko gasa a Kano, ya san ya zo wata duniya.

A watan Satumba na 2016, a Cozumel ta ƙasar Meziko, ɗan Birtaniya Jonny Brownlee yana kan gaba a gasar ƙarshe ta kakar duniya, saura 'yan ɗaruruwan mita ya kai, zafi ya buge shi ya fara tangaɗi. Sai da wansa Alistair ya kama shi ya rungumo shi zuwa layi. Wannan mutum ne da ya ci lambar azurfa a Olamfik wata guda kafin nan. Zafi ba ya duba gwaninta.

Jiki yana sabawa da zafi, amma yana buƙatar kwana 10 zuwa 14. Don haka a makonnin ƙarshe ka mayar da wasu atisayenka zuwa irin lokacin da za ka yi gudun a gasa, ka fara da kaɗan. In kana so ka san yawan gumin da kake zubarwa, hau sikeli kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Fitsari ma yana ba da labari: in ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. A gasar gajeren zango gora ɗaya a kan keke, ana kurɓa kaɗan-kaɗan, da ɗan abin da za ka sha a tashoshin ruwa na hanyar gudu, yawanci sun isa. Ka san inda tashoshin suke da inda inuwa take. Ragowar ruwan kofin ka sheƙa a ka. Kada kuma a wuce gona da iri: ɗirkar ruwa fiye da kima yana rage gishirin jini, shi ma yana kai mutum asibiti.

Ku ji alamomin bugun zafi da kyau, domin wataƙila ku ne za ku ceci wani. Mutum ya fara tangaɗi, ko surutai marasa kan gado, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko ya faɗi. Ko da jikinsa yana gumi, a ɗauka abin ya yi tsanani. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, in akwai ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi. A fara sanyaya shi nan take yayin da ake neman motar asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Gargaɗi kuma ga matasa. Kada wani ya ruɗe ka da ƙwaya wai don ƙarin ƙarfi. Tiramol yana ɓoye maka gajiya da ciwo, alhali su ne ke gaya maka ka tsaya, kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kuma suna wahalar da ƙoda idan aka haɗa su da zafi da ƙishirwa. Wanda ya tashi da zazzaɓi ko gudawa a makon gasa, ya zauna a gida. In gasar ta faɗo lokacin hazo mai kauri, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a kusa. In kuma shirin ya ratsa cikin azumi, a mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa.

Makon ƙarshe na hutu ne. A rage atisaye zuwa rabi, a yi barci sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya: ran gasa ba sabon takalmi, ba sabon tabarau, ba abincin da ciki bai saba da shi ba. Awa biyu zuwa uku kafin farawa a karya da abu mara nauyi wanda aka riga aka gwada a atisaye, kamar koko ko kunu da burodi, ayaba, ko dabino. A halarci bayanin da masu gasa ke yi kafin farawa, domin a nan ake sanar da duk canjin da aka samu a hanya. Kilomita ta farko ta gudu kuma a ɗauke ta a hankali har ƙafa ta saki.

Lokaci ya yi mana halinsa. Ga aikin da zan bar muku a wannan mako. Duk mai niyyar shiga gasa ya nemi masu shirya ta ya yi musu tambayoyi biyar. Wane ruwa ne, kuma an gwada shi? Masu ceto da kwalekwale nawa ne za su kasance a kan ruwa? Za a rufe hanyar keke? Ƙarfe nawa za a fara, kuma tashoshin ruwan sha nawa ne? Akwai likita da motar asibiti a wurin? In sun amsa maka dalla-dalla, biya kuɗin rajista ka je ka zagaya wurin da ƙafarka. In suka yi ta kame-kame, riƙe kuɗinka ka jira wata.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda babba zai koyi iyo daga farko, da yadda za a kare yaranmu daga nutsewa a kududdufai da damina.  

(Kiɗan rufe shiri)